Sarauniya da ruk (ƙarshen wasan ces)

Sarauniya da ruk wani nau'in ƙarshen wasa ne a wasan ces, inda ɗan wasa ɗaya ya rage da sarki da sarauniya, abokin karawarsa kuma ya rage da sarki da ruk, babu soja ko ɗaya a kan allo. Ruk shi ne ɗan ces mai siffar hasumiya, wanda ke tafiya a miƙe, gaba ko baya, dama ko hagu. Sarauniya tana yin irin wannan tafiyar, sannan ta ƙara da tafiya a karkace. A ƙiyasin da 'yan wasa suka saba amfani da shi, darajar sarauniya maki 9 ce, ta ruk kuma maki 5.

A ƙa'ida mai sarauniya ne ke da nasara a kusan kowane matsayi, in ban da wasu 'yan kaɗan da ake iya yin kunnen doki a cikinsu nan take. Amma samun nasarar a aikace yana da wuya, har manyan gwanaye sun sha kasa kammala shi. Binciken kwamfuta ya nuna cewa a matsayi mafi wahala, idan kowane ɓangare ya yi wasa ba kuskure, sai an yi motsi 31 kafin a ci ruk ɗin ko a yi cekmet. Idan kuwa har zuwa cekmet ake lissafi, matsayi mafi tsawo yana ɗaukar motsi 35.

Kalmomi da alamomi

Allon ces yana da gidaje 64. Layukan tsaye ana kiran su da haruffa daga a zuwa h, layukan kwance kuma da lambobi daga 1 zuwa 8. Saboda haka c6 na nufin gidan da layin c ya haɗu da layi na 6. A rubutun motsi na duniya, K na nufin sarki, Q sarauniya, R kuma ruk. Alamar x na nufin an ci ɗa, + na nufin cek, # kuma cekmet. Alamar ! tana nuna motsi mai kyau, ? kuma kuskure. Idan aka sa ɗigo uku bayan lamba, kamar 1...Rb1, to motsin Baƙi ne. A dukkan misalan da ke ƙasa Fari ne ke da sarauniya.

Cek shi ne kai wa sarki hari. Cekmet shi ne harin da sarki ba shi da hanyar tsira daga gare shi, kuma da shi wasa ke ƙarewa. Maƙalewa kuwa ita ce a zo kan ɗan wasa ya yi motsi, ba a yi masa cek ba, amma ba shi da wani motsi da doka ta yarda da shi. Wannan kunnen doki ne. Akwai kuma tilascin motsi, wanda 'yan ces ke kira zugzwang da kalmar Jamusanci, wato matsayin da duk motsin da ɗan wasa ya yi zai cutar da shi, alhali doka ba ta yarda ya tsallake layinsa ba.

Yadda ake isowa gare shi

Yawanci wannan ƙarshen wasa yana fitowa ne daga wasan da ya rage ruk da sojoji. Ɗan wasa kan sadaukar da ruk ɗinsa domin sojansa ya kai layin ƙarshe ya zama sarauniya. Wani lokaci kuma ana farawa da sarauniya a gefe ɗaya, ruk da soja a ɗaya gefen, sai sarauniya ta ci sojan. Haka nan mai ruk yakan bar sojan abokin karawarsa ya zama sarauniya da gangan, idan ya ga sauran hanyoyin sun fi saurin kai shi ƙasa.

Fitaccen misali shi ne matsayin Saavedra na shekarar 1895, wanda aka sa wa sunan Fernando Saavedra, wani limamin coci ɗan ƙasar Sifaniya da ke zaune a Glasgow. Fari yana da sarki a b6 da soja a c6, Baƙi yana da sarki a a1 da ruk a d5. Bayan 1.c7 Rd6+ 2.Kb5 Rd5+ 3.Kb4 Rd4+ 4.Kb3 Rd3+ 5.Kc2 Rd4, idan Fari ya mayar da sojansa sarauniya, Baƙi zai yi 6...Rc4+, kuma cin ruk ɗin da 7.Qxc4 maƙalewa ce. Saavedra ya gano cewa a mayar da sojan ruk shi ne ke kawo nasara. Daga baya kwamfuta ta nuna cewa Baƙi zai fi daɗewa idan ya yi 3...Kb2, ya bar Fari ya yi sarauniya, a shiga wasan sarauniya da ruk.

Tarihi

François-André Danican Philidor, mawaƙi kuma gwanin ces ɗan ƙasar Faransa, ya fitar da littafinsa na nazarin wasan ces a shekarar 1749, ya sake fitar da shi da ƙarin bayani a 1777. A bugun 1777 ne aka san matsayin da yanzu ake kira da sunansa, wanda shi ne ginshiƙin hanyar nasara. A ƙarni na 18 ɗin dai, Domenico Ponziani ɗan ƙasar Italiya ya nuna matsayin da mai ruk ke tsira da kunnen doki. A 1895 wani Bature ɗan Ingila mai suna Alfred Crosskill ya wallafa littafi sukutum a kan wannan ƙarshen wasa kaɗai, da sunan alƙalami Euclid.

Tsawon lokaci littattafai suna ɗaukar wasan a matsayin nasarar da duk gwani zai iya kammalawa. Kwamfuta ce ta sauya wannan tunani. A 1970 Thomas Ströhlein ya rubuta kundin digirinsa na uku a birnin Munich na ƙasar Jamus, inda ya yi amfani da kwamfuta wajen warware wasu ƙananan ƙarshen wasanni, har da sarauniya da ruk. Hanyar da ake bi ita ce lissafi daga ƙarshe zuwa farko. Ana fara tattara duk matsayin da aka riga aka yi cekmet ko aka ci ruk, sannan a nemo waɗanda motsi ɗaya ya rage a kai gare su, sai masu biyu, haka har a ƙare duk matsayin da zai yiwu. Abin da ake samu shi ne rumbun bayanai mai ɗauke da sakamakon kowane matsayi da kuma motsi mafi kyau a cikinsa.

Ken Thompson na cibiyar bincike ta Bell Labs a Amurka, wanda yana cikin waɗanda suka ƙirƙiro manhajar Unix, ya gina irin wannan rumbu, kuma shi da Joe Condon ne suka ƙera na'urar ces mai suna Belle. A 1978 aka gwada rumbun da Walter Browne, grandmasta wanda ya ci gasar Amurka har sau shida a rayuwarsa. An ba Browne sarauniya a matsayi mai buƙatar motsi 31, da sa'o'i biyu da rabi, a kan sharaɗin ya yi nasara cikin motsi 50, aka kuma sa dala 100 a tsakani. A karon farko ya kasa. Bayan ya yi makonni yana nazarin wasan, aka sake karawa, sai ya ci ruk ɗin daidai a motsi na 50. Abin da ya ba mutane mamaki shi ne yadda kwamfutar ta riƙa nisanta ruk daga sarkinta a wuraren da littattafai ke cewa haɗari ne, domin ta san ainihin gidajen da sarauniya ba za ta iya kama shi ba.

A 1994 John Nunn, grandmasta ɗan Ingila kuma masanin lissafi, ya fitar da littafin Secrets of Pawnless Endings, inda ya mayar da sakamakon rumbun bayanai zuwa ƙa'idojin da mutum zai iya riƙewa a ka. Karsten Müller da Frank Lamprecht su ma sun yi bayanin wasan a littafinsu Fundamental Chess Endings na 2001. A yau rumbunan bayanai sun kai 'ya'ya bakwai a kan allo: na Lomonosov da aka kammala a Jami'ar Mosko a 2012, da na Syzygy wanda ya kai 'ya'ya bakwai a 2018. Ana iya duba na Syzygy kyauta a wasu shafukan ces na intanet.

Tsarin nasara

Sarauniya ita kaɗai ba ta iya raba ruk da sarkinsa, dole sai sarkin Fari ya matso. Aikin yana bin matakai biyar. Da farko Fari yana kawo sarkinsa tsakiyar allo ya tura sarkin Baƙi zuwa gefe. Na biyu, yana karya shingen da ruk ke yi domin hana sarkin Fari matsowa. Na uku, yana matse sarkin Baƙi da ruk ɗinsa zuwa kusurwa. Na huɗu, yana kai wa ga matsayin tilascin motsi, inda dole ruk ya rabu da sarkinsa. Na biyar, yana jera cek har sarauniya ta sauka a gidan da take kai hari ga sarki da ruk a lokaci guda. Da zarar an ci ruk, sai a koma wasan sarki da sarauniya a kan sarki shi kaɗai, wanda ba ya wuce motsi 10 idan an yi shi daidai.

Hari mai fuska biyu shi ne babban makamin sarauniya. Idan ruk yana kusa da sarkinsa, sarki yana kare shi, amma su biyun sukan cushe wa juna hanya. Idan ya yi nisa, yana samun damar yin cek daga baya ko daga gefe, amma ba shi da mai kare shi. Mai sarauniya yana neman gidan da layi ɗaya daga cikinsa ya kai ga sarki, wani layin kuma ya kai ga ruk. Gidajen tsakiya kamar d4 da e5 sun fi amfani, domin daga can sarauniya tana ganin gefuna da kusurwoyi da yawa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne yawan cek ba tare da manufa ba. Cek ɗin da bai tura sarki inda ake so ba, bai kuma kusantar da cin ruk ba, ɓata motsi ne kawai. Sau da yawa abin da ke ciyar da wasa gaba shi ne motsi na shiru, wanda ba cek ba ne, amma yana toshe wa ruk gidajen da zai fake. Wata dabara kuma ita ce a ajiye sarauniya a bayan sarkinta a kan layin karkace da ke kallon sarkin Baƙi. Idan sarkin Fari ya gusa, sai cek ya bayyana daga sarauniya, shi kuma ya shiga gidan da yake so.

Matsayin Philidor

Fari yana da sarki a c6 da sarauniya a a5. Baƙi yana da sarki a b8 da ruk a b7. Matsayin yana iya faruwa a kowace kusurwa ta allo, ta kowace fuska, kuma ƙa'idarsa ɗaya ce.

Idan Baƙi ne zai yi motsi, yana cikin tilascin motsi. Sarauniya ta rufe a7 da a8, don haka gida ɗaya ya rage wa sarki. Bayan 1...Kc8 sai 2.Qa6, ruk ya ɗauru domin yana tsakanin sarauniya da sarkinsa, kuma za a ci shi a motsi na gaba. Idan ruk ya koma a7, 2.Qd8# cekmet ne. Idan ya je b6, b5, b4, c7 ko d7, nan take za a ci shi. Idan ya je b2 ko g7, 2.Qe5+ yana kama sarki da ruk tare. Idan ya je e7, 2.Qd8+ ya isa. Gidaje huɗu ne suka rage da ke buƙatar lissafi:

1...Rb1 2.Qd8+ Ka7 3.Qd4+ Ka8 4.Qh8+ Ka7 5.Qh7+, sarauniya tana yin cek ta layi na 7, tana kuma kallon b1 ta layin karkace. Idan Baƙi ya tare da 4...Rb8, sai 5.Qa1#. Idan ya yi 3...Ka6, sai 4.Qa4#.

1...Rh7 2.Qe5+ Ka8 3.Qa1+ Kb8 4.Qb1+, kuma ruk ya faɗi. Idan 3...Ra7, sai 4.Qh8#. Idan 2...Kc8, sai 3.Qe8#.

1...Rb3 2.Qd8+ Ka7 3.Qd4+ Kb8 4.Qf4+ Ka7 5.Qa4+, sannan a ci ruk a b3. Idan 4...Kc8, sai 5.Qf8#.

1...Rf7 2.Qe5+ Ka7 3.Qe3+ Kb8 4.Qe8+, sannan a ci ruk a f7. Idan 2...Ka8, 3.Qe8+ yana zuwa da wuri.

Idan kuwa Fari ne zai yi motsi, aikinsa shi ne ya mayar wa Baƙi da layin motsi ba tare da ya sauya matsayin ba. Yana yin haka da zagayen sarauniya mai kusurwa uku: 1.Qe5+ Ka8 2.Qa1+ Kb8 3.Qa5. Sarauniya ta yi motsi uku ta dawo a5, sarkin Baƙi ya yi biyu ya dawo b8, don haka yanzu Baƙi ne zai motsa. Idan Baƙi ya amsa da 1...Ka7, haka abin yake: 2.Qa1+ Kb8 3.Qa5. Idan ya yi 1...Kc8, sai 2.Qe8#, idan kuma ya tare da 2...Ra7, sai 3.Qh8#.

Tsaron layi na uku

Wannan shi ne shingen da ya fi ba masu sarauniya wahala. Sarkin Baƙi yana gefen allo, ruk kuma yana layi na uku idan aka ƙirga daga wannan gefen, yana kai da kawowa yana hana sarkin Fari ƙetarewa. Muddin ruk yana da gida mai aminci a kan layin, Fari ba ya iya matsowa. Misalin da aka fi koyarwa shi ne: Fari yana da sarki a d5 da sarauniya a f7, Baƙi yana da sarki a d8 da ruk a b6.

A ido sarauniya tana wuri mai kyau, tunda ta tsare sarkin Baƙi a layi na 8. Amma hanyar nasara mafi sauƙi ita ce ta janye da 1.Qf4!, motsin da ɗan wasa bai cika tunaninsa ba. Daga f4 ta ƙwace wa ruk duk gidajen layi na 6. Gidajen h6 da f6 suna ƙarƙashin harinta, c6, d6 da e6 kuma sarkin Fari yana kallon su. Idan 1...Ra6, sai 2.Qb8+ Kd7 3.Qb7+ ta kama ruk. Idan 1...Rg6, sai 2.Qf8+ Kd7 3.Qf7+. Saboda haka dole Baƙi ya motsa sarkinsa ko ya bar layin.

Ɗaya daga cikin hanyoyin da wasan ke bi shi ne: 1...Kd7 2.Qa4+ Kc7 3.Qa7+ Rb7. Cek na a7 ya tilasta wa ruk ya sauko layi na 7 domin ya tare, kuma shingen ya karye.

Tsaron layi na biyu

A nan ruk yana layin da ke gaban sarkinsa kai tsaye, yana ƙoƙarin zama kusa da shi ko ya riƙa kai da kawowa a kan layin. Ci gaban misalin da ke sama yana nuna yadda ake karya shi: 4.Qc5+ Kb8 5.Kd6 Rg7 6.Qe5 Rc7 7.Qf4 Kc8 8.Qf5+ Kb8 9.Qe5 Rb7 10.Kc6+ Ka8 11.Qd5 Kb8 12.Qa5. An iso matsayin Philidor, kuma Baƙi ne zai motsa.

A cikin motsi tara na Fari daga na 4 zuwa na 12, uku ne kawai suka kasance cek. A motsi na 6 sarauniya ta tsaya a bayan sarkinta a kan layin karkace da ke kai wa b8, tana kuma kai wa ruk hari a g7. Motsi na 7 zuwa na 9 zagaye ne domin mayar wa Baƙi da layin motsi, har ruk ya bar c7. Daga nan 10.Kc6+ ya buɗe wa sarauniya hanyar cek, sarkin Fari kuma ya samu gidan da yake nema.

Akwai kuma tsaron layi na huɗu, inda ruk ke yin shinge a wuri mafi nisa daga gefe. Mai sarauniya yakan fara tilasta shi ya koma tsaron layi na uku, sannan ya bi matakan da aka bayyana. Mai tsaro da ya san aikinsa yana bin waɗannan shingaye ɗaya bayan ɗaya, kuma kafin a kai shi matsayin Philidor yakan zaɓi ya nisanta ruk zuwa gidan da kama shi ke buƙatar lissafi mai tsawo.

Tarkon maƙalewa da kunnen doki

Babbar fatar mai ruk ita ce maƙalewa. Idan sarkinsa ba shi da gidan zuwa, ruk yana iya bin sarkin Fari da cek, yana miƙa kansa a ci, domin cin sa zai kawo kunnen doki. A matsayin Philidor kansa akwai irin wannan tarko. Idan Fari ya yi gaggawa da 1.Qa6, yana neman cekmet a b7, Baƙi zai yi 1...Rc7+, kuma 2.Kb6? Rc6+! ya ɓata wasan. Bayan 3.Kxc6 sarkin Baƙi ba shi da motsi: a8, a7, b7 da c8 duk sarauniya ta rufe su, c7 kuma sarkin Fari. Idan Fari bai ci ruk ɗin ba, ruk zai ci sarauniya.

Matsayin Ponziani ya nuna abin a fili. Fari yana da sarki a h1 da sarauniya a e6, Baƙi yana da sarki a f8 da ruk a g7, kuma Baƙi ne zai motsa: 1...Rh7+ 2.Kg2 Rg7+ 3.Kf3 Rf7+ 4.Kg4 Rg7+ 5.Kf5 Rf7+ 6.Kg6 Rg7+ 7.Kh6 Rh7+! 8.Kxh7, maƙalewa. Idan Fari ya zaɓi 7.Kf6, sai 7...Rg6+! 8.Kxg6, nan ma maƙalewa ce. Idan sarkin Fari ya nemi guduwa ta layin e, misali 4.Ke4, sai 4...Re7 ya ɗaure sarauniya a gaban sarkinta, a yi musaya, kowa ya rage da sarki kaɗai.

A misalan biyu sarauniya tana layi na uku daga gefe, a tazarar tsallen doki daga sarkin Baƙi: a6 da b8, e6 da f8. A irin wannan wuri tana rufe kusan duk gidajen da ke kewaye da sarki ba tare da ta yi masa cek ba. Shi ya sa ake gargaɗin masu koyo su duba ko sarkin abokin karawa yana da sauran gidan zuwa kafin su matso da sarauniya haka.

Mai ruk yana iya yin nasara ma, amma a matsayi kaɗan ƙwarai, inda yake da cekmet nan take, ko kuma cek ɗin da zai sa sarki ya kauce ya bar sarauniya a bayansa a ci.

Dokar motsi hamsin

A dokokin hukumar ces ta duniya, FIDE, ɗan wasa yana iya neman a yanke kunnen doki idan kowane ɓangare ya yi motsi 50 a jere ba a ci ɗa ba, ba a kuma motsa soja ba. Tun daga 2014, idan aka kai motsi 75 a haka, alƙali yana tsayar da wasan ko da babu wanda ya nema. Haka kuma ana iya neman kunnen doki idan matsayi ɗaya ya maimaitu sau uku. Tunda babu soja a wannan ƙarshen wasa, cin ruk ne kaɗai ke sabunta lissafin. A matsayi mafi wahala mai sarauniya yana da rarar motsi 19 ne kawai, kuma kuskure biyu ko uku a gaban tsaron layi na uku suna iya cinye su.

Wannan ya faru da manyan 'yan wasa. A gasar neman zakaran duniya ta FIDE da aka yi a Mosko a 2001, Peter Svidler yana da sarauniya a wasansa da Boris Gelfand, amma bai iya cin ruk ɗin a kan lokaci ba, aka tashi kunnen doki. A 2006 a birnin Pamplona na Sifaniya, Alexander Morozevich ya kasa cin Dmitry Jakovenko, wanda ya tsira da dabarar maƙalewa. Wasan yakan zo ne bayan an daɗe ana fafatawa, ga gajiya ga ƙarancin lokaci a agogo, don haka 'yan wasa da yawa da suka rage da ruk ba sa miƙa wuya, sai sun ga an kai su matsayin Philidor.

Idan mai ruk yana da soja

Ƙarin soja ɗaya yana iya sauya sakamako. Idan sojan yana gidansa na asali a ɗaya daga layukan b zuwa g, sarki yana kusa da shi, ruk kuma yana gidan da sojan ke karewa, to ana samun ganuwar da sarauniya ba ta iya fasawa. Misali, Baƙi yana da sarki a d8, soja a d7, ruk kuma yana kai da kawowa tsakanin c6 da e6. Sarkin Fari ba ya iya ƙetare layi na 6, sarauniya kuma ba ta da sararin da za ta zagaya bayan sarkin Baƙi ta kore shi. Sakamakon kunnen doki ne.

Idan sojan tsakiya ya riga ya gusa gaba da gida ɗaya, misali yana d6, sarauniya tana samun fili a baya. Philidor ya nuna cewa a nan tana iya tura sarkin Baƙi gaban sojansa, ta buɗe wa sarkinta hanya, a ƙarshe a ci sojan. Sojan gefe da ke gidansa na asali, wato a7 ko h7, galibi ba ya ceton mai shi, domin gida ɗaya kawai yake kare wa ruk, sarki kuma ya matsu a kusurwa. A duk inda sojan ya faɗi, wasan yana komawa sarauniya da ruk zalla, kuma lissafin motsi 50 yana farawa daga sabo.

Duba kuma

Wasan ces
Ƙarshen wasa a ces
François-André Danican Philidor
Rumbun bayanai na ƙarshen wasa
Dokar motsi hamsin